Magudanar rufi da indararo: bi ruwan har inda ya taɓa ƙasa

Ruwan sama milimita 1 a kan fili mai murabba'in mita 1, lita 1 ce cif. Gidan da rufinsa ya kai murabba'in mita 100, wato mita 10 tsawo, mita 10 faɗi, wanda ba wani katafaren gida ba ne, in aka yi ruwan da ya auna milimita 25, lita 2,500 ce za ta gangaro daga kansa. Duro 12 da rabi ke nan, irin mai cin lita 200. Kuma ruwan milimita 25 ba wani abin a zo a gani ba ne, hadari ɗaya mai ƙarfi kan zubar da shi cikin awa guda. Duk ruwan nan sai ya bi wani wuri. Magudanar da aka kafa a bakin rufi ita ke tara shi, indararo kuma, bututun da ya sauko ta jikin bango, shi ke sauke shi ya kai shi nesa da gini. In ɗayansu ya gaza, bango da fandisho ne za su sha.

Gyaran rufi ne sana'ata, kuma abin da na fi gani shi ne maigida ya hau tsani ya kwashe ganye, ya sauko yana jin ya gama, alhali bakin indararon yana nan yana kwarara ruwa a gindin bango, taku ɗaya daga fandisho. Wanda ya yi haka rabin aiki ya yi. Sai ka bi ruwan da idonka tun daga bakin kwano har inda ya taɓa ƙasa ya kama hanyar barin gidan, sannan ka ce ka gama.

Akwai kuma maganar da ba kowa ke son ji ba: magudanar da ta toshe ta fi rashin magudana illa. Rufin da ba shi da ita yana raba ruwansa a tsawon bakinsa duka, kowane wuri ya ɗauki kaɗan. Wadda ta toshe kuwa tara ruwan gefe guda take yi ta juye shi wuri ɗaya, sau da yawa ma ta baya, tsakaninta da bango, inda katako yake. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Fara dubawa daga ƙasa

Lokacin da ya fi dacewa a gano matsala shi ne lokacin da ake tsuga ruwa. Ɗauki lema ka zagaya gidan, ƙafarka a ƙasa, ba tsani, kuma ba lokacin da ake walƙiya da tsawa ba. Inda ka ga ruwa yana tsallake leɓen magudana yana zuba shimfiɗe, ko dai ta toshe, ko ta yi wa rufin kaɗan. Inda ka ga yana bin bayanta yana tsiyaya a jikin bango, ko ta rabu da katakon da aka ɗaure ta, ko bakin kwanon bai shigo cikinta yadda ya kamata ba. Ɗigo ɗaya-ɗaya a wuri guda, mahaɗi ne ya buɗe. Sannan ka tsaya a bakin kowane indararo. Ana ruwa kamar da bakin ƙwarya amma shi yana ɗan zubo da kaɗan-kaɗan, to akwai abin da ya maƙale a cikinsa. Ka ɗauki hoton kowane wuri da waya, don in gari ya bushe ba za ka tuna takamaimai inda ka gani ba.

Ko ba a ruwa, gida yana faɗin abin da ke damunsa. Duba ƙasan da ke ƙarƙashin bakin rufi: layin ƙananan ramuka a jere, da ƙananan tsakuwa da ruwa ya wanke ya bari a fili, alamar ruwa yana zuba daga sama ke nan. Duba gindin bango: feshin laka da ya kai gwiwa, fenti da ya kumbura yana ɓarewa, farin gari mai kama da gishiri da ya fito a jikin filasta. Wannan farin garin gishirin cikin siminti da bulo ne, danshi ke narkar da shi ya fito da shi waje, in ya bushe ya bar shi. Ko ka goge, zai dawo muddin ruwan bai daina shiga ba. Koren layi na gansakuka da ya sauko ɗoɗar daga sama, ka bi shi da ido zuwa sama, a ƙarshensa za ka tarar da wurin yoyon. A cikin ɗaki kuwa, tabon ruwa a silin daf da bangon waje, musamman a kusurwa, ba kullum ne laifin kwano ba. Na sha ganin an canza kwano lafiyayye, ashe magudana ce ke cika ta mayar da ruwa ciki. In kuwa ka hangi ciyawa ta tsiro a cikin magudana, ba sai an faɗa maka ba, ƙasar da ke ciki ta isa shuka.

Tsani

Mafi yawan haɗarin wannan aiki ba a magudana yake ba, a tsani yake. Ƙa'idarsa ita ce, duk mita 4 na tsayi, ƙafar tsani ta ja baya mita 1 daga bango. A kafa shi a ƙasa mai tauri, daidaitacciya, ba a kan bulo ko guntun katako don a cike gangare ba. Kada ka jingina shi a jikin magudanar kanta, ta roba za ta tsage, ta alminiyam za ta lotsa, kuma kowacce tana da santsi. A jingina a bango, ko a sa masa ƙarfen nan da ke tokare bango ya nisanta tsanin daga bakin rufi. A samu mai riƙe maka ƙafarsa. Kullum abu uku na jikinka su kasance a kan tsani, ƙafa biyu da hannu ɗaya, kuma cibiyarka kada ta wuce sandunan gefe. Da zarar ka ji kana miƙa hannu kana leƙawa don ka kai wani ganye, sauko ka matsar da tsanin. Sauka da hawan yana da ban haushi, na sani, amma karaya ta fi shi. Matakai uku na can saman tsani ba na tsayawa ba ne.

Kafin ka ɗaga tsani ma, ɗaga kai ka duba wayar lantarki, musamman wadda ta shigo gida daga fal, don sau da yawa ta bakin rufi take bi. Tsanin ƙarfe ko na alminiyam yana ɗaukar wutar lantarki. Ka bar tazarar mita 3 aƙalla tsakaninka da waya. Idan gidan bene ne, ko rufin yana da gangare sosai, ko kana fama da jiri, ba jarumta ba ce, kira masu kayan aikin.

Kwashe datti

Kayan aikin ba su da yawa: safar hannu mai kauri, bokiti da ƙugiyar rataye shi a tsani, mesar ruwa, tsumma, tabarau, da abin kwasa. Ni robar ruwa nake yanke wa gindi a karkace, tana lanƙwasa ta bi siffar magudana, kuma ba ta kankare fenti ko rufin hana tsatsa yadda cokalin magini ke yi. Safar hannun dole ce, don bakin kwano da kan ƙusoshi suna yanka, kuma ba ka san abin da ya kwana a cikin ganyen ba. Rina da zirnaƙo suna son ƙarƙashin bakin rufi, ka leƙa kafin ka sa fuska. In tsuntsaye ko jemagu sun tara kashi ya bushe, yayyafa masa ruwa tukuna ka sa takunkumi, ƙurarsa na iya ɗauke da ƙwayoyin da ke kama huhu.

Fara daga bakin indararo. Kwashe abin da ke wurin da hannu, sannan ka cusa tsumma ka toshe ramin. Dalili shi ne duk abin da ka tura yayin aiki can zai nufa, kuma datti a buɗaɗɗiyar magudana aikin minti kaɗan ne, amma in ya shiga bututu ya zama aikin yini. Daga nan ka riƙa kwasa kana yin nesa da ramin, kana zubawa a bokiti. Ranar da ta fi daɗin aiki ita ce kwana ɗaya ko biyu bayan ruwa, lokacin da dattin yake da ɗan danshi: ba ya tashi ƙura, bai kuma zama kwaɓi ba.

Ganye ne ake gani, amma abin da ke kashe magudana shi ne abin da ke ƙarƙashinsa. Ɗaga ganyen za ka tarar da baƙar laka mai laushi, ƙura da ruɓaɓɓen ganye da yashin da ruwa ya wanko daga rufi, tana wari irin na ruwan da ya daɗe a tsaye. Ita ce ke riƙe danshi makonni bayan an ɗauke ruwa, ta cinye ƙarfe daga ciki, sai wata rana ka ga haske ta ƙasan magudanar. Ga kuma nauyi. Magudana mai siffar rabin da'ira, mai faɗin milimita 125, tana cin kusan lita 6 a kowace mita. In ta cika, tsawon mita 10 na ɗauke da kilo 60 na ruwa, laka kuwa ta fi ruwa nauyi. Maƙalan da ke riƙe da ita ba don wannan kaya aka yi su ba. Sai su saki, tsakiyar ta yi ciki, cikin ya ƙara tara laka, lakar ta ƙara nauyi. Don haka ka kankare lakar nan tas, kada ka tsaya a ganye.

In ka gama, cire tsumman (kada ka manta da shi, ana mantawa), ka kai mesa can ƙarshen da ya fi nisa da indararo ka saki ruwa. Kada ka harba ruwan sama ƙarƙashin kwano. Yanzu sai kallo. Ruwan ya kamata ya tafi kai tsaye ya shige ramin, a ƙasa kuma mai taimaka maka ya ga ya fito da ƙarfi. Kashe ruwan ka jira ɗan lokaci. Duk inda ya kwanta ya ƙi tafiya, sa alamar alli a wurin.

Idan indararo ya toshe

Kusan kullum a gwiwa yake toshewa, ta sama da ta karkato daga bakin rufi zuwa bango, ko ta ƙasa da ta juya ruwan waje. Bi jikin bututun kana ƙwanƙwasawa da bayan sukundireba. Inda babu komai zai yi ƙarar fanko, inda ya cushe sautin zai mutu. In akwai ƙarin bututu a ƙasa, ko an haɗa shi da na ƙarƙashin ƙasa, cire haɗin tukuna don kada ka tura toshiyar inda hannu ba ya kai. Sannan ka cusa mesa daga ƙasa zuwa sama, ka naɗe tsumma a bakin don ruwan ya yi ƙarfi, ka buɗe famfo duka. Turawa daga ƙasa na mayar da dattin hanyar da ya biyo ya shigo, turawa daga sama kuwa ƙara danne shi take yi. In ya ƙi, sai wayar nan ta masu gyaran famfo da ake murzawa a buɗe bututu. In ita ma ta gaza, kwance gwiwar, yawanci sukuru biyu ko uku ne, ka zazzage ta a ƙasa. Abin da nake cirowa ya haɗa da sheƙar tsuntsu, leda, ƙwallon yara, da guntun siminti da magina suka bari tun ranar gini.

Kada ka zuba sodar buɗe bututu ko asid. Ba sa narkar da yashi da leda, suna cin alminiyam da ƙarfe, kuma a ƙarshe a gindin gidanka za su zube. Wani abu ƙarami: in za ka mayar da gwiwa, yi amfani da gajerun sukuru. Dogon sukuru da ya leƙo cikin bututu shi ne ƙugiyar da ganye na farko zai maƙale, saura su taru a kansa. Kuma bututun sama ne ke shiga cikin na ƙasa, ba akasin haka ba, in ba haka ba kowane mahaɗi zai yi yoyo.

Wani lokaci indararon bai toshe ba, kaɗan ya yi. Abin da aka saba shi ne indararo ɗaya a kowace mita 10 zuwa 12 ta magudana. Bututu mai faɗin milimita 100 kuwa, sararin cikinsa ya kusa ninka na mai 75 sau biyu, ko da yake a ido bambancin ba shi da yawa. In komai a share yake amma duk babban ruwa sai ta yi ambaliya, ƙara indararo ko ƙara masa girma shi ne magani. Ka fi sa ido a kusurwar da rufi biyu suka haɗu suka yi kwari, nan ruwa ke zuwa da gudu har ya tsallake magudana. Ɗan faifan ƙarfe da aka kafa a tsaye a leɓen waje na wannan kusurwa yana tare shi.

Gangare da maƙalai

Magudana ba a kafa ta a miƙe sak, tana ɗan gangarawa wajen indararo, kimanin santimita 2 zuwa 3 a tsawon mita 10. Kaɗan ne, daga ƙasa ba a ma lura. Wuraren da ka sa wa alli, nan gangaren ya ɓaci. Ɗaura igiya daga ƙarshen da ya fi tudu zuwa bakin indararo, ja ta tsaya tsam, ka duba da lebur, ma'aunin nan na magina mai ruwa a ciki, cewa tana gangarawa, sannan ka bi maƙalan ɗaya bayan ɗaya kana daidaita su da igiyar. Tazarar maƙali da maƙali kada ta wuce mita 1, inda ake ruwa mai yawa ko ƙanƙara ke taruwa a rufi a matso da su zuwa santimita 60. Inda ƙusa ce ta saki, kada ka sake buga ta a ramin da ta fito, ba za ta kama ba. Sa sukuru mai tsawo a sabon wuri, in da hali ya shiga kan rafta.

Kafin ka ɗaure komai, soka sukundireba a katakon bakin rufin. In ta nutse ba wuya, katakon ya ruɓe, kuma babu sukurun da zai riƙe a ruɓaɓɓen katako. Sai an sauke magudanar an canza shi. Jiƙaƙƙen katako kuma gayyatar gara ne, daga nan take wucewa cikin rafta.

Ruwan da ke kwanciya ba ƙarfe kaɗai yake ci ba. Sauron da ke yaɗa zazzaɓin dengi da shawara da Zika, wanda masana ke kira Aedes aegypti, a irin wannan ɗan ruwa yake ƙyanƙyasa, kuma daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne kacal a lokacin zafi. Ƙwansa na iya zama a bushe watanni, ya jira ruwa na gaba. Mutum zai kife duk gwangwanin da ke tsakar gida, ya manta da wanda ke saman kansa.

Yoyo

Mahaɗi da kusurwa da murfin ƙarshe su ne wuraren yoyo. Kankare tsohon gam ɗin gaba ɗaya, goge wurin, bar shi ya bushe ƙayau, sannan ka shafa sabo ta ciki. Ta ciki, na maimaita, don wanda aka shafa ta waje ruwa ne ke tura shi har ya ɓalle. Sabon gam a kan tsoho ko a kan danshi ɓarnar kaya ce. In magudanar ta ƙarfe ce, lura da irin gam ɗin silikon da za ka saya: wanda ke warin tsami mai hawa hanci yana sakin asid yayin da yake bushewa, yana cin ƙarfen da aka lulluɓe da tutiya. Nemi wanda aka rubuta cewa na rufi da magudana ne, marar wannan warin. Ƙaramin rami na tsatsa, a goge shi da burushin ƙarfe har farin ƙarfe ya fito, a shafa fentin hana tsatsa, a liƙa faci da irin ƙarfen magudanar. Irinsa dai, ba wani ba. Ƙarfe iri biyu in suka haɗu a cikin danshi, ɗaya yana cin ɗaya, jan ƙarfe musamman yana lalata alminiyam da tutiya, ko ruwan da ya biyo ta kansa ne kawai ya zubo musu. In ramukan sun yi yawa a jere, bar faci, canza wannan tsawon.

Ta roba, wato PVC, hukuncinta daban. Ba ta tsatsa, amma tana miƙewa da zafi tana tsukewa da sanyi. Tsawon mita 4 na iya motsa milimita 7 zuwa 8 in zafi ya sauya da digiri 30. Shi ya sa mahaɗanta suke da robar da ke ba ta damar zamewa, da ɗan layi a ciki da ke nuna inda bakin ya kamata ya tsaya. Wanda ya tura ta har ƙurya ko ya liƙe ta da gam, ya hana ta motsi, za ta lanƙwashe ko ta ɓalle mahaɗin. In irin wannan mahaɗi yana ɗiga, buɗe shi, wanke yashin da ya shiga ƙarƙashin robar, in robar ta taurare a canza ta.

A tsofaffin gidaje akwai magudana da bututu na simintin asbesto, masu launin toka. In kana zargin irinsu ne, kada ka kankare, kada ka huda, kada ka yanka da zarto. Ƙurarsu ce ke jawo cutar huhu da daji bayan shekaru. Wannan aikin waɗanda suka san yadda ake sauke shi ne.

Irin rufin da na fi tsoro shi ne wanda aka ɓoye a bayan katanga, magudanarsa tana ciki, ta kankare ko ta ƙarfe, ba a ganinta daga ƙasa. Yana da kyau a ido, ban musa ba. Amma ta waje in ta cika a tsakar gida take zubarwa, wannan kuwa in ta cika, cikin silin za ta zubar, kuma leda ɗaya ta isa ta rufe ramin. Mai irin wannan rufi ya fi kowa bukatar dubawa a kai a kai. Ya kuma tabbatar akwai ramin ko-ta-kwana da aka huda ta jikin katangar, sama da ramin indararo kaɗan amma ƙasa da bakin kwano, don ruwa ya sami mafita waje in babban ramin ya toshe. Ranar da ka ga ruwa yana fitowa ta wannan rami, ka san na ƙasansa ya toshe. In babu shi, a huda. Ta kankare kuma a duba tsagewa, a sabunta abin hana yoyon da aka shimfiɗa mata in ya fara ɗagowa.

Mita biyun ƙarshe

Mu koma kan lita 2,500 ɗin nan. In gidan yana da indararo huɗu, kowanne zai sauke lita 600 da ɗoriya a wuri ɗaya, a ruwa ɗaya. Ƙasar da ke jikin fandisho kuwa ba irin sauran ƙasa ba ce. Ita ce aka haƙa lokacin gini aka mayar, ta fi sakwarkwacewa, ruwa ya fi saurin nutsewa a cikinta. In mai yashi ce, ruwan yana kwashe ta a hankali ya bar rami ƙarƙashin daɓe, sai ka taka ka ji fanko. In mai yumɓu ce, ta sha ruwa ta kumbura, ta bushe ta tsuke, kusurwar ginin tana ɗagawa tana sauka yayin da sauran ginin yake zaune. Daga nan ake samun tsagewar nan mai bin layin bulo hawa-hawa daga kusurwa, da ƙofar da ta fara ƙin rufuwa. Gidan da ke da ɗakin ƙarƙashin ƙasa, nan ruwan zai fara bayyana. Kuma wannan ɓarna ba ta nuna kanta a damina ɗaya, shi ya sa ba a cika danganta ta da indararo ba.

Maganin ba shi da wuya. Ƙara wa bakin indararo bututu ya kai ruwan aƙalla mita 1 da rabi zuwa 2 daga bango, in fili ya ba da dama a ƙara. Inda ruwan zai zuba a sa faifan kankare ko tarin duwatsu don kada ya haƙa rami. Sannan ka duba ƙasar kanta, don bututu ba zai amfana ba in ruwan zai juyo ya dawo. Ya kamata ƙasa ta gangara daga bango zuwa waje, kimanin santimita 15 a cikin mita 3 na farko. Gwajinsa bokitin ruwa ne: juye shi a gindin bango ka ga inda ya nufa. In ya tsaya ko ya koma wajen gini, a cike wurin da ƙasa mai kama jiki a daddaɓe ta, ba yashi ba, amma kada cikon ya hau sama ya rufe layin hana danshi na bango, wato shimfiɗar da magina ke sa wa a ƙasan bango don kada danshin ƙasa ya hau shi.

In fili ya yi ƙaranci, a binne bututu ya kai ruwan kwata ko ramin shan ruwa da aka cika da duwatsu. Ramin ya nisanci gini da mita 5 aƙalla, bututun kuma a bar masa murfin dubawa kusa da gindin indararo, don toshiyar ƙarƙashin ƙasa ba ta da alama sai ruwa ya dawo ya fito ta mahaɗi. Kada a haɗa ruwan rufi da sokawen bayan gida. Ruwa ɗaya mai ƙarfi zai cika shi ya dawo da ƙazanta, a garuruwa da yawa ma doka ta hana zuba ruwan sama a bututun ƙazanta. Kada kuma a juya bakin bututu ya fuskanci katangar maƙwabci, abin da ba ka so a gindin bangonka shi ma ba ya so.

Mai tara ruwan a tanki ko duro ya yi dabara, da sharaɗi biyu. Ruwan farko da ya wanke ƙura da kashin tsuntsu a bar shi ya wuce. Sannan tankin ya zama yana da bututun da zai kwashe rarar in ya cika, ya kai ta nesa. Duro mai lita 200 a ƙarƙashin indararon da ke sauke 600, in babu wannan bututu, saura 400 a gindin bango za su ƙare. A rufe bakinsa da raga saboda sauro, da murfi mai ƙarfi saboda yara.

Raga, da lokacin aiki

Ana yawan tambayata game da ragar da ake rufe magudana da ita. Tana rage aiki inda manyan ganye ne matsala. Ba ta hana ƙura da yashi da ƙananan ganye shiga, kuma tana ɓoye lakar da ke taruwa a ƙarƙashinta, sai mutum ya saki jiki. In za ka sa, sa wadda ake iya ɗagawa. Ƙwallon ragar da ake cusawa a bakin indararo yana kare bututu, amma shi kansa yana toshewa da wuri, don haka ya dace ne da wurin da hannu ke kai wa cikin sauƙi. Abin da ya fi raga amfani shi ne sare rassan da suka leƙo kan rufi.

Sau biyu a shekara shi ne mafi ƙaranci. Inda ake rani da damina, sau ɗaya kafin ruwan farko, lokacin da ƙura da busasshen ganye suka gama taruwa, sai kuma bayan ruwa ya ɗauke, don kada laka ta kwana a ciki har wata shekara. Ni ina ƙara leƙawa bayan ruwa biyu ko uku na farko, domin su ne ke wanko duk abin da ke kan rufi su tara a bakin indararo. A ƙasashen sanyi ana yi ne bayan bishiyoyi sun gama zubar da ganye, kafin ruwa ya fara daskarewa, don ƙanƙarar da ta kama a cikin bututun da ya toshe tana fasa shi, sai kuma in sanyi ya wuce. Inda gobarar daji ke tashi, busasshen ganye a magudana makamashi ne da tartsatsi ɗaya ya ishe shi, don haka a nan sharar rani ta fi muhimmanci. Gidan da bishiya ta yi wa rumfa kuwa, duk wata uku, da kuma bayan kowace guguwa mai ƙarfi.